In da gaske rumbun Allah ba ya ƙarewa, me ya sa muke kulle namu?

Ranar 30 ga Yulin 2023, kwana huɗu bayan juyin mulki, CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakoki. Mutanen Yamai a rediyo suka ji labarin, daga baya suka gan shi a farashin shinkafa. Mu a Gaya a ƙofar gida muka gan shi. Gadar da ta haɗa mu da Malanbil, wadda kayan tashar jiragen ruwan Kwatano ke bi su shigo ƙasa, ta yi tsit. Hanyar Kamba ma haka. Ɗan dako, ɗan kabu-kabu, mai tuwo-tuwo a bakin tasha, yaron kamiyo, mai cika takardun dwan, kowa ya wayi gari sana'arsa ta tsaya. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a Maris, amma gadar ta ci gaba da zama a rufe, jama'a suka koma wa kwale-kwale.

Irin wannan lokaci ne ke tona abin da mutum ya gaskata. Kowa a garin nan, Musulmi da Kirista, yana cewa Allah ne mai bayarwa, bakin da ya tsaga ba ya hana shi abinci. Amma da farashi ya soma hawa, wasu daga cikin masu faɗar haka su ne suka cika mangaza da buhunan masara suka sa kwaɗo, suna jiran ya ninka. Wasu kuwa, da tiya ɗaya ta rage musu, sai suka raba ta biyu da maƙwabci. Duka biyun suna kiran sunan Allah. Wane ne a cikinsu ya dogara gare shi?

Ni Kirista ne, haifaffen Gaya. Mu ƴan tsiraru ne a ƙasar nan, kuma na san yawancin masu karanta wannan rubutu Musulmi ne. Ba wa'azi na zo yi muku ba. Akwai dai wata koyarwa da aka rene mu da ita, wadda nake ganin ta shafi zaman gari gaba ɗaya: Allah mawadaci ne, kuma galibi ta hannun mutane yake ciyar da mutane. Saboda haka dogara gare shi a hannu ake ganinta. Wanda ya tabbata gobe ma Allah na nan, yana iya sakin abin da ke hannunsa yau. Mai ɓoyo, ko me bakinsa ke faɗa, a ransa ya yanke cewa abin ba zai isa ba.

Ku lura da labaran da Littafi Mai Tsarki ke kafa wannan koyarwa a kansu. Kusan duka na matalauta ne. Gwauruwar Zarefat, a tsakiyar fari, ɗan garin da ya rage mata da ɗan mai ta toya wa annabi Iliya, kuma tulunta bai ƙare ba har ruwa ya sauka. Ranar da Yesu ya ciyar da mutum dubu biyar, wani yaro ne ya kawo gurasa biyar da kifi biyu. Da Manzo Bulus ke tara gudummawa domin matalautan Urushalima, ikkilisiyoyin Makidoniya ya kafa misali da su, mutanen da su kansu ke cikin matsi, amma suka roƙa a bar su su ba da nasu. Hujjarsa kuwa mai sauƙi ce: rararka ta yau ta toshe rashin ɗan'uwanka, gobe rararsa ta toshe naka. Wanda ya taɓa zuwa gayya a gona ko ya zuba adashi, ba sai an fassara masa wannan ba.

To, a nan ne nake da magana da ƴan'uwana Kirista. Akwai wani wa'azi da ya cika talabijin da wayoyinmu, mai cewa ka "shuka iri" wurin bawan Allah, Allah zai mayar maka ninki ɗari, ka sami biza, ka sami mota. Wannan ai ciniki ne. Mai shuka don a ninka masa da mai kulle mangaza ƴan gida ɗaya ne, kowannensu riba yake jira. Bambancin kawai, mai mangaza ya fi sanin lissafi. Sau nawa muka ga mace ta kai kuɗin cefane gaban mai wa'azi, ta koma gida yara suka kwana da yunwa, shi kuwa ya canza mota? Kyautar da kullum daga matalauci take hawa zuwa mai hali, ba ta taɓa saukowa, haraji ce aka yi mata baftisma.

Shi ya sa nake son wani ɓangare na labarin Bulus da ba a cika karanta mana ba. Bai yarda ya ɗauki kuɗin gudummawar shi kaɗai ba. Ikkilisiyoyi ne suka zaɓi wakilan da za su raka kuɗin, don kada wani ya sami abin zargi. Idan manzo guda ya nemi a sa masa ido, wane ne zai ce tambayar lissafin baiko rashin bangaskiya ce? Duk asusun da talaka ke zuba guminsa, na coci ne, na masallaci ne, na ƙungiya ne ko na ƙasa, a karanta mana abin da ya shiga da inda ya tafi. Rashin yin haka shi ke kashe zuciyar kyauta a wurin matasa.

Ba kuɗi kaɗai ake bayarwa ba, akwai ba da kai. Asibitin Galmi a jihar Tawa, wanda mishan SIM ta buɗe a 1950, fiye da shekara 70 ke nan yana duba marasa lafiya, mafi yawansu Musulmi. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, lokacin tarzomar zanen Charlie Hebdo, an ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, 45 a Yamai kaɗai bisa ƙidayar ƴan sanda, mutum 10 suka mutu. Bayan haka shugabannin Kirista suka ce sun yafe, asibitoci da makarantunsu suka ci gaba da karɓar kowa. A kwanakin kuma akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a ɗakunansu, suna sane da abin da ka iya faɗa musu. Wanda ya buɗe ƙofarsa a ranar ya ba da abin da ya fi kuɗi tsada.

Na san abin da wasunku za su ce, don mun sha yin wannan gardama a fada: "Kai ɗan gwagwarmaya ne, maimakon ka matsa wa gwamnati, ka koma cewa talaka ya ciyar da talaka?" Suna da gaskiya a wuri ɗaya. Tiyar maƙwabci ba ta buɗe gada, ba ta gyara madatsa, ba ta daidaita farashi. Ambaliyar 2024 ta shafi mutum sama da miliyan ɗaya a Nijar, wannan ya fi ƙarfin baikon Lahadi da sadakar Juma'a. A Oktoban shekarar sai da gwamnati ta hana fitar da hatsi waje, in ban da zuwa Mali da Burkina Faso. Aikin hukuma na hukuma ne, kuma ba za mu daina tambayarta ba. Amma ku duba da kyau, wa ke da bakin tambaya? Unguwar da kowa ke fama shi kaɗai, da buhun shinkafa ɗaya ɗan siyasa ke saye ta. Unguwar da ta saba tallafar junanta ba ta da arha haka.

Kuma ba sabon abu za mu ƙirƙiro ba. Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi aka fara su a 1991, da ƴan kuɗin da mata ke zubawa mako-mako, yau ana kwaikwayon tsarin a ƙasashe da dama. Fulani na da habbanaye, a ba wanda ya rasa dabba aron saniya har ta haifa masa. Can jihar Mizoram a Indiya, tun 1910 matan Kirista ke ware dintsin shinkafa duk lokacin da za su ɗora tukunya, a tara, ikkilisiya ta yi hidima da shi. Dintsi fa, ba buhu ba.

Gaya na cikin yankunan da suka fi samun ruwan sama a ƙasar nan. Muna da kogi, da shinkafa, da rake, da dankali, da giginya. Abin kunya ne yaro ya kwana da yunwa a nan. Ga abin da nake roƙon kowace fada, kowace zumuntar matasa ta coci da kowane kwamitin masallaci: gida-gida a ware dintsi ɗaya kullum, a tara shi ƙarshen mako. Mutum uku su riƙe lissafi, a cikinsu a sa mace, a karanta shi a bainar jama'a kowane wata. Wajen rabo a fara da gidan da sana'arsa ta tsaya, kuma kada a tambayi mai karɓa inda yake ibada. Wanda unguwarsu ta fara, ya sanar da mu yadda ta kaya, mu koya daga juna.