NAZARI: Mudun da ake auna ƙasashe da shi, da abin da ya kasa gani a Kano

A watan Satumban 2021, Bankin Duniya ya sanar da daina wallafa rahotonsa na Doing Business, wanda ke jera ƙasashe 190 bisa sauƙin gudanar da kasuwanci. Hakan ya biyo bayan binciken lauyoyin kamfanin WilmerHale, wanda ya gano cewa an matsa wa ma'aikatan bankin lamba domin ɗaga matsayin Sin a rahoton 2018, an kuma taɓa alƙaluman Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Azarbaijan a na 2020.

Wannan badaƙala ta shafi Nijeriya kai tsaye. Gwamnatin Muhammadu Buhari ta kafa majalisar PEBEC a 2016, ƙarƙashin jagorancin Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo, da burin shigar da ƙasar cikin jerin 100 na farko. Nijeriya ta tashi daga matsayi na 169 a rahoton 2017 zuwa na 131 a rahoton 2020, aka yi ta shelar nasara. Sai dai ko da babu maguɗi, akwai tambayar da ta fi wannan nauyi: shin mudu ɗaya yana iya auna ƙasa guda, balle ya faɗi tazarar da ke tsakaninta da wata?

Kano da Legas a buhu ɗaya

Birane biyu kaɗai rahoton ya riƙa dubawa a Nijeriya, Legas da Kano, kuma makin Legas ne ya fi rinjaye. A kowane birni, masu binciken suna ƙaddara wani kamfani mai rajista, mai ma'aikata 10 zuwa 50, sannan su tambayi lauyoyi da akantoci da jami'ai kwana nawa zai ɗauka kafin ya sami takardu, ko a jawo wa ɗakin ajiyarsa wutar lantarki.

Duk wanda ya san Hotoro ya san cewa irin wannan kamfani ƙalilan ne a cikin masu motsa kuɗi a wurin. Daga ma'ajiyar man fetur ta NNPC zuwa gefen titin Eastern Bypass, harkar tana hannun direbobin tanka da tirela, da makanikai, da masu walda, da dillalan da ke ɗaukar kaya bashi a kan amana. Mafi yawansu ba su taɓa taka ofishin CAC ba. Abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya shi ne farashin dizal, da shingayen hanya, da yawan masu karɓar haraji. Rage kwanakin rajistar kamfani ci gaba ne na gaske, amma ya ɗaga Nijeriya a jadawali fiye da yadda ya sauƙaƙa wa waɗannan mutane.

Tazarar al'ada a kan takarda

Matsalar ta girmi Bankin Duniya. A jami'o'in da ake nazarin kasuwancin ƙasa da ƙasa, ma'aunin da ya fi shahara shi ne na Geert Hofstede, ɗan ƙasar Holan, wanda ya wallafa littafinsa a 1980 bisa amsoshin ma'aikatan kamfanin IBM da aka tattara tsakanin 1967 da 1973. A aikin nasa na asali, Nijeriya da Gana da Saliyo maki ɗaya aka ba su da sunan Afirka ta Yamma. A 1988, Bruce Kogut da Harbir Singh suka mayar da makin nasa lissafin da ke fitar da lamba ɗaya, wai ita ce tazarar al'ada tsakanin ƙasa da ƙasa. Ɗimbin bincike sun dogara da wannan lamba wajen bayyana inda kamfanoni ke zuba jari, duk da sukar da masana irin su Oded Shenkar suka yi mata tun 2001, cewa tana ɗaukar kowace ƙasa tamkar al'umma guda.

A irin wannan lissafi, Kano da Legas ba su da tazara ko kaɗan, alhali kusan kilomita 1,000 ne tsakaninsu. Maraɗi kuwa, wadda ba ta kai kilomita 300 daga Kano ba, ƙasar waje ce mai kuɗin sefa da dokokin da aka gada daga Faransa.

Abin da kasuwar gero ta nuna

Akwai binciken da ya auna lamarin daga kasuwa. A 2014, Jenny Aker da abokan aikinta uku suka wallafa nazari a kan farashin gero da wake a kasuwannin Nijar da arewacin Nijeriya. Sun gano cewa iyakar tana ƙara tazarar farashi, amma tasirinta yana raguwa inda ƙabila ɗaya ce a ɓangarorin biyu. Sun kuma gano tazarar farashi a cikin Nijar kanta, tsakanin kasuwannin Hausawa da na Zabarmawa, inda babu kwastan ko shinge. Harshe da sanayya da bashin amana suna rage tsadar ciniki, kuma jadawalin ƙasashe ba shi da gurbin rubuta su.

Wannan bai sa iyaka ta zama wasa ba. Rufe iyakokin da Nijeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da takunkumin ECOWAS bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, sun tsayar da motoci a Jibiya da Maigatari, 'yan kasuwar Dawanau da Kantin Kwari suka ji a jikinsu. Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar a Janairun 2025. Tazarar da umarnin gwamnati ke buɗewa cikin dare ɗaya, ma'aunin da aka gina kan amsoshin rabin ƙarni da ya wuce ba zai kama ta ba.

Inda haɗarin yake

A 2024 Bankin Duniya ya fito da sabon rahoto mai suna B-READY, wanda ya fara da ƙasashe 50, ya haɗa da jin ta bakin kamfanoni, ya kuma guji bai wa kowace ƙasa matsayi guda. Haka nan an tsara shirin SABER na dala miliyan 750 domin saka wa jihohin Nijeriya da kuɗi idan suka cika sharuɗɗan gyaran kasuwanci. Inda kuɗi ke bin maki, akwai fargabar jami'ai su mayar da hankali ga abin da ake ƙirgawa su bar abin da ke damun mutane.

Ana shimfiɗa layin dogo mai kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi. Mai jarin da zai yanke shawarar gina ɗakin ajiya a Hotoro saboda wannan layi yana buƙatar sanin awa nawa mota ke yi a Jibiya, shinge nawa ne a hanya, da awa nawa ake samun wuta a unguwar. Gwamnatin Kano da Jami'ar Bayero da ƙungiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA suna da damar tattara waɗannan alƙaluma su riƙa wallafawa duk shekara. Muddin ba su yi ba, za a ci gaba da yi wa Kano kuɗi da makin da mafi yawansa na Legas ne.