Zauren 'Yan Mata: Ba A Yaye Ɗa Ranar Suna

Wannan watan ba girki za mu yi ba, ba kuma kwalliya ba. Wata ƙanwata ce daga Zariya ta rubuto tana tambaya, wai fulawar nan da nake yawan sakawa a littattafaina, wadda masoya suke zance a gindinta, da gaske akwai ta ko ƙarya ce irin tamu ta marubuta?

To ƙanwata, akwai ta. Turawa suna ce mata honisakul, irin tamu kuma asalinta daga Japan da Sin da Koriya ne. Yaɗo take yi, duk abin da ta samu sai ta nannaɗe shi ta hau. Furenta siriri ne kamar ɗan kakaki, ya buɗe fari tas, kafin ya zube ya koma ruwan ɗorawa, shi ya sa mutanen Sin suke kiran sa furen zinariya da azurfa. Ƙanshin kuwa sai magariba ta kawo jiki.

A Jos muka tashi, a gidan ma'aikata da aka ba Baba. Inna ce ta dasa ta a bakin tagarta. Ina aji 5 a sakandare Allah ya yi wa Inna rasuwa, ba a daɗe ba Baba ya yi ritaya, aka ba mu wata 3 mu tashi mu koma Kano. Kowa yana ta ɗaure kaya, ni kuwa wallahi ba abin da ke raina sai yadda zan tafi in bar shukar Inna a hannun baƙi.

Na ɗauko wuƙa na saro reshe zangameme har da furanninsa, na cusa a ƙasa cikin rana. Kwana 3 ya bushe. Na biyu na sa shi a gwangwani, amma kullum sai na tuge shi in ga ko ya yi saiwa. Shi ma ya bi ɗan uwansa. Goggo ta same ni ina kuka a bayan ɗaki, ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya gaya miki ana yaye ɗa ranar suna? Tashi ki kawo mini robar fenti."

Ga abin da ta koya mini. Ki huda gindin roba, ki cika ta da ƙasa mai kyau da yashi rabi da rabi. Ki zaɓi dogon reshe mai laushi, kada ki yanke shi. Ki tsige ganyen gaɓa ɗaya, ki ɗan kankare bayan wurin da reza, ki kwantar da gaɓar cikin robar, ki rufe da ƙasa, ki ɗora dutse, kan reshen yana waje. Uwar tana ci gaba da ba shi abinci har ya yi saiwar kansa. Naki kawai ban ruwa, kada ƙasar ta bushe, kada kuma ta yi caɓi. Nawa sati 7 ya yi. Da na ɗan ja na ji ya riƙe gam, sannan Goggo ta ce in yanke shi daga uwar. A cinyata ya zo Kano.

In kuwa a gidan ƙawa kika gani, ba halin kwantarwa, ki roƙi ɗan reshe da sassafe, mai tsawon santimita 10 zuwa 15, wanda ba fure a jikinsa. Ki yanka daidai ƙasan gaɓa, ki cire ganyen ƙasa ki bar biyu na sama, ki soka a gwangwani mai huji, ki kifa farar leda, ki ajiye a inuwa. Ki yi guda 4 ko 5, don ba duka ke kamawa ba. Sabon toho shi ne albishir, ba sai kin tuge ba. Damina ta fi dacewa.

Zafin bazarar Kano ba irin na Jos ba ne, don haka ki dasa inda za ta sha hantsi, ta samu inuwa da azahar, ki ɗaura mata igiya ta hau. Ki dinga yi mata aski, don ɓarna gare ta: a 1806 aka kai ta Amurka don ado, yau ta zame musu annoba a dazuzzuka. Baƙaƙen 'ya'yanta kuma ba a ci, a kula da yara.

Ƙannena, duk wanda ya ce ki ajiye karatu ki bi shi tun ba ki tsaya da ƙafarki ba, ki tuna da reshena na farko. Shi ma da furanninsa na saro shi.

Shukar Inna tana nan a bakin tagata, Allah ya jiƙanta da rahama. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.

Taku har kullum.