Cinikin Gona A Gaya Da Ajingi: Tsakanin Takardar Mai Unguwa Da Hatimin Gwamna

Shekara uku da suka wuce wani abokin aikina, malami a tsangayar kimiyya, ya kwashe ɗan abin da ya tara ya sayi gona mai eka shida a wani ƙauye da ke tsakanin Gaya da Ajingi. An yi ciniki a gaban mai unguwa, dattawa uku suka shaida, dillali ya karɓi la'adarsa, aka shafa fatiha aka watse. Bana da ya nemi rancen banki domin ya haƙa rijiyar burtsatse ya shiga noman rani, sai jami'in bankin ya juya takardar da ya miƙa masa gaba da baya, ya mayar masa da ita cikin ladabi, ya ce wannan ai rasit ne kurum. Ya kawo mini ita ofis ransa a ɓace. Falle ɗaya ce da aka yago daga littafin rubutu na 'yan makaranta, an rubuta da kyakkyawar Hausa cewa wane ya sayar wa wane gonarsa halak malak, ga iyakokinta gabas da yamma, kudu da arewa, ga dangwalen yatsu a ƙasa.

Mai karatu, ba shi kaɗai ba ne. Tun da filin birnin Kano ya fi ƙarfin ma'aikacin albashi, likitoci da malamai da ma'aikatan banki suka bi hanyar Wudil suna neman gona a gabas, musamman bayan da aka bayar da kwangilar tagwaita titin Kano zuwa Maiduguri a 2006. Akwai abin lura a nan, domin tarihin baka ya ce daga Gaya maƙeran farko, wato Abagayawa, suka taso suka sauka gindin Dala neman tama. Yau kuma jikokinsu ne ke komawa Gaya neman ƙasa, da yawansu kuwa irin wannan falle ɗaya ce a aljihunsu.

A matsayina na ɗalibin harshe, abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne wannan lafazi na "halak malak", saboda dokar da ke aiki a kan filaye ba ta san shi ba. Dokar Amfani da Ƙasa, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta zartar ranar 29 ga Maris, 1978, ta ɗora dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke riƙe da shi haƙƙin zama ne da cin moriya. Satifiket ɗin da muke fassarawa da "takardar shaidar mallaka" a rediyo da jaridu, da za a bi ma'anarsa sau da ƙafa, shaidar izinin zama ce, kuma mai wa'adi, wanda ga gidajen zama yawanci shekara 99 ne. Mun yi wa kalmar fassarar da ta yi mana daɗi, muka kuma gina lissafinmu a kanta. Tsarin ma ba baƙo ba ne a Arewa. Shelar Turawa ta 1910 kan ƙasa da haƙƙin 'yan ƙasa da Dokar Riƙon Ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 duk a kan wannan turba suke, su aka ɗauko aka shimfiɗa wa Nijeriya baki ɗaya a 1978. Kafin zuwan Turawa kuwa, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu kan hukunce-hukuncen ƙasa, Bahaushe kuma yana da kalmominsa da suka bambanta gado da saye, da aro, da jingina, da kyauta.

To, me doka ta nema daga wanda ya sayi gona a Ajingi? Tambayar farko ita ce ko wurin yana cikin yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni. Idan ba ya ciki, ƙaramar hukuma ce ke da ikon bayar da haƙƙin zama na gargajiya, har hekta 500 domin noma ko hekta 5,000 domin kiwo ba tare da ta nemi izinin gwamna ba, sashe na 21 kuma ya ce ba a sayar da irin wannan haƙƙi sai da amincewarta. Idan kuwa haƙƙin na gwamna ne, sashe na 22 ya wajabta yardarsa kafin a sayar ko a jinginar, sashe na 26 kuma ya rushe duk cinikin da ya saɓa. Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa wannan ba wasa ba ne a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989, inda jinginar da aka ƙulla ba da yardar gwamna ba ta tashi a banza, banki ya yi asara.

Akwai wani sashe da ban taɓa jin dillali ya ambata ba, shi ne na 36. Ya shafi gonakin karkara da ke hannun masu su tun kafin 1978, wato akasarin gonakin gado na Gaya da Ajingi. Ya bar su a hannun manomansu, amma ya hana a yanka su fuloti-fuloti, ya hana a miƙa su ga wani, ya kuma tanadi tarar Naira 5,000 ko ɗaurin shekara ɗaya ga duk wanda ya sa hannu a takardar irin wannan ciniki. Da za a zartar da shi yadda yake a rubuce, da gidajen yarin jihar nan ba su ɗauke mu ba, domin awon igiyar da ya kewaye kowane gari namu a ƙarƙashinsa yake. Dokar da kowa ke takawa kullum, har da masu aiwatar da ita, makami ce a ajiye, ranar da mai ƙarfi ya so gonarka sai a zaro ta. Gyaranta kuwa ya yi wuya, tun da sashe na 315 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗaure ta a jikinsa.

Mu zo ga kuɗi. Wanda ya ƙudurta bin hanya har ƙarshe, tun kafin ya ga ƙofar ofis ya riga ya biya la'ada da goron shaidu da na sa hannun mai unguwa da dagaci, waɗanda ba su da rasit. Sannan ya ɗauko safiyo mai lasisi ya auna gonar ya kafa duwatsun iyaka ya zana taswira. Sai lauya ya rubuta yarjejeniyar miƙa haƙƙi da Ingilishi, ƙa'idar ladan lauyoyi ta 2023 kuwa ta sa kashi 10 cikin ɗari a matsayin mafi ƙaranci ga kadarar da ba ta kai Naira miliyan 50 ba. Daga nan sai Ma'aikatar Ƙasa da Tsare-tsare a Kano: kuɗin fom, kuɗin binciken fayil, kuɗin neman yarda, kuɗin rajista, da kuɗin ƙasa na shekara-shekara tare da bashin da ya taru a kan mai sayarwa, ga kuma takardar shaidar biyan haraji. Sai harajin kan sarki, wanda sunansa kaɗai ya isa tarihi, domin daga hoton kan Sarkin Ingila da ke jikin tambarin da ake mannawa ya samo shi, dokarsa ma ta 1939 ce. Idan cinikin tsakanin mutum da mutum ne, hukumar haraji ta jiha ke karɓa, idan da kamfani a ciki sai ta tarayya. Akwai kuma harajin ribar kadara, wanda har zuwa 2025 kashi 10 cikin ɗari ne na ribar. A doka mai sayarwa ne ke biyansa, amma manomin da ya sayar da gona don aurar da 'ya ko sauke bashi ya daɗe da kashe kuɗin, saboda haka a kan mai saye yake faɗawa. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, aka kuma sa 1 ga Janairu, 2026 ta zama ranar fara aikinta, ta haɗiye waɗannan tsofaffin dokoki biyu, ta mayar da ribar kadarar mutum cikin lissafin harajin kuɗin shigarsa.

Abin da ya fi ciwo shi ne yawancin waɗannan kuɗaɗe ana lissafa su a kan ƙimar da jami'in gwamnati ya yi wa kadarar, wadda ba lallai ta dace da abin da aka biya ba, don haka mutum ba ya sanin jimillar abin da zai kashe sai ya yi nisa. Kuɗin safiyo da na zirga-zirga zuwa Kano kuma ba ruwansu da ƙanƙantar gona. Mai eka ɗari zai ɗauke su ba tare da ya ji ba, mai eka biyu kuwa sai ya tarar kuɗin takarda na neman cin rabin kuɗin gona. Idan ya ja da baya, ni ba zan kira shi jahili ba, lissafi ya yi. Shi ya sa alƙaluman da kwamitin gyaran harkar ƙasa na Farfesa Akin Mabogunje, wanda marigayi Shugaba 'Yar'aduwa ya kafa a 2009, ya yawaita ambata suka nuna cewa abin da aka yi wa rajista a ƙasar Nijeriya bai wuce kashi 3 cikin ɗari ba.

Kada a ce na raina takardar mai unguwa. A gaban alƙalin kotun shari'a, ita da shaidunta suna da nauyi, kuma hukuncin hauzi na mazhabar Malikiyya yana kare wanda ya shekara goma yana noma wuri a kan idon mai da'awa ba tare da ya yi magana ba, idan ba dangi ba ne. Rauninta shi ne shaidu suna mutuwa, masu unguwa suna sauyawa, kuma babu kundi ɗaya da za a duba a ga ko an taɓa sayar da gonar. Rikicin da ya fi yawa kuwa daga cikin gida yake fitowa: babban wa ya sayar da gonar da ba a raba gadonta ba, bayan shekaru ƙannensa mata, ko ƙanen da ya tafi ci-rani Legas, su taso da haƙƙinsu ko da shufa'a. Ɗan bokon da ya saya a haka ba shi da bakin kuka, domin ya fi kowa sanin ya kamata ya nemi takardar rabon gado daga kotu, ya kuma ji daga bakin kowane magaji, mace da namiji, kafin ya zaro ko sisi.

Gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ƙaddamar da sabunta satifiket a ƙarshen 2024, ta kuma zamanantar da hukumar KANGIS mai adana bayanan filaye a kwamfuta. Aiki ne mai kyau, sai dai wanda ke da satifiket shi ke sabuntawa. Manomin Ajingi ba shi da abin sabuntawa. Gwajin rajistar gida-gida da aka yi a jihar nan a shekarun baya ma a birni da kewayensa ya fi ƙarfi. Ina kuma da shakku kan masu ɗauko ra'ayin Hernando de Soto, masanin tattalin arzikin ƙasar Peru da ya kira kadara marar takarda mataccen jari a littafinsa na 2000, suna ganin satifiket zai warkar da talauci. Muddin hanyar samunsa tana da tsada kuma da Ingilishi take magana, mai kuɗi da mai hanya za su riga mai gona isa ofis, takardar ta zama sandar dukansa.

Ba sai mun je Ruwanda ba, wadda ta yi wa filaye sama da miliyan 10 rajista tsakanin 2009 da 2013. Maƙwabtanmu na Nijar, a ƙarƙashin dokar karkara ta 1993, sun kafa kwamitocin ƙasa tun daga matakin ƙauye, mai gari ne ke shugabanta, suna bayar da takardar shaidar saye ko gado ko kyauta ko jingina, kwafi kuma ya haura zuwa hukumomin sama. Sun ɗauki abin da jama'a ke yi da ma suka ba shi hatimi. Mu ma dokar 1978 ta tanadi kwamitin ba da shawara kan rabon ƙasa a kowace ƙaramar hukuma. Tun Yulin 2024 kuma Gaya da Ajingi da Albasu suna ƙarƙashin masarauta ɗaya, wato hakimai da dagatai da masu unguwanninsu layi ɗaya suke bi. Abin da nake roƙon Majalisar Dokokin Kano da Ma'aikatar Ƙasa shi ne fom guda mai lamba, da Hausa, boko da ajami, wanda mai unguwa da dagaci za su cike, a kai shi sakatariyar ƙaramar hukuma a shigar a kundi, a aika kwafi KANGIS. Kuɗinsa ya zama tsayayye gwargwadon eka, a liƙa jadawalinsa a bangon sakatariya, a biya a banki a karɓi rasit. Wanda ke son satifiket ɗin gwamna don rancen banki sai ya ɗora daga nan.

Shi kuwa abokina ya ɗauko safiyo, an kafa duwatsu, ya kuma koma ƙauyen ya nemo 'yan'uwan mai sayarwar mata su biyu, waɗanda sai a ranar suka ji adadin kuɗin da aka sayar da gonar mahaifinsu. Maganar rijiya an ɗage ta sai baɗi.