Masallacin Babban Gwani Da Amanar Da Ke Wuyanmu

Idan aka ambaci Zariya a yau, zuciyar mai karatu takan tafi Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello ta kafu tun 1962. Alhali kuwa fiye da shekara ɗari kafin a aza harsashin jami'ar, birnin Zazzau ya riga ya mallaki ginin da masana zanen gine-gine na duniya ke nazarinsa har gobe.

Ina nufin Masallacin Juma'a da ke kusa da fada, wanda Muhammadu Durugu, da aka fi sani da Babban Gwani, ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Da tubali da azara ya ɗaga bakan gizo, ya ɗora tulluwa a kan ginshiƙai masu ado, babu siminti, babu ƙarfe. Azarar giginya ba ta jin tsoron gara, kaurin bangon ƙasa kuma yakan hana zafin rana shiga. Wannan ilimi ne tsantsa, ko da yake ba a aji aka koye shi ba.

A shekarun 1970 aka lulluɓe tsohon ginin da sabon masallaci na siminti. An ceci abin da ya rage daga ruwan sama, amma wasu sassan sun salwanta. Abin takaici, mai son ganin cikakkiyar siffarsa ta asali sai ya je Jos, inda aka gina kwafinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya. A Wusasa ma akwai cocin St. Bartholomew, ginin ƙasa na 1929, wanda ya tsaya bisa wannan fasaha ta maginan Zazzau.

Ginin ƙasa rai gare shi, domin yana buƙatar yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina. Ranar da maginin ƙarshe da ya iya ɗaurin guga ya kwanta dama, kuɗi ba za su dawo da shi ba. Saboda haka ya wajaba masarauta da jami'a su haɗa hannu, a zaunar da ɗalibai gaban dattawan magina, a rubuta, a auna, a koya da hannu. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an adana ta.