Shanyewar ɓarin jiki: ciwon yana cikin kai, maganinsa yana asibiti

Magidanci ya kwanta lafiya lau, da asuba a tashe shi salla a tarar baki ya karkace, hannun dama ya saki, magana ta sarƙe. A gidaje da yawa, kafin a nemi mota an riga an yanke hukunci: iska ce ta buge shi, ko kuwa jifa aka yi masa. Sai a shiga hayaƙi da shafe-shafe har rana ta faɗi. Wannan jinkirin yana naƙasa mutanen da za a iya cetowa.

Abin da ya faru a ƙwaƙwalwa yake. Ko dai gudan jini ya toshe jijiyar da ke kai mata abinci da iskar shaƙa, ko jijiyar ta fashe jini ya malala. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ke juya ɓarin dama na jiki, kuma a yawancin mutane can cibiyar magana take. Shi ya sa wanda damansa ya shanye sau da yawa harshensa ma kan ɗaure. Likitoci sun ƙiyasta cewa idan babbar jijiya ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 2 ke mutuwa duk minti ɗaya.

Babban mai laifin sananne ne. Binciken SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a asibitocin Najeriya da Ghana, ciki har da na Kano da Zariya, ya nuna a 2018 cewa hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba. Ciwon suga, taba da yawan gishiri suna biye. Hawan jini kuwa yakan yi shekara da shekaru bai nuna alama ba, ga shi mutane sun saba ajiye magani da zarar sun ji dama-dama.

Yara ma ba su tsira ba. Masu sikila na cikin haɗari tun suna ƙanana, amma gwajin da aka yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya nuna cewa auna gudun jinin ƙwaƙwalwarsu da na'ura, da ba su maganin hydroxyurea, yana rage haɗarin.

Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. A yi ta a cikin mota. Allurar da ke narkar da gudan jini tana aiki ne idan an yi ta cikin awa huɗu da rabi da fara ciwon, kuma sai hoton CT ya tabbatar ba fashewa ba ce, domin maganin toshewa yana ƙara wa mai zubar jini ciwo. Haka nan kada a ɗura wa majiyyaci ruwa ko rubutu, tunda maƙogwaronsa kan kasa haɗiya, abin ya zarce huhu.

Nauyin bai tsaya kan iyalai kaɗai ba. Najeriya ta kawar da ƙwayar shan inna ta daji, aka ba ta shaida a 2020, saboda an bi gida-gida tare da sarakuna da malamai. Gwamnatocin jihohi su ɗauki wannan hanyar: awon jini kyauta a kasuwanni da masallatan Juma'a, maganin hawan jini mai rahusa a kowane asibitin sha-ka-tafi, da na'urar CT mai aiki da ma'aikatan gashin ƙashi a manyan asibitocin kowace shiyya.