Babur Mai Tabon Haɗari: A Saya Ko A Bari?

'Yan'uwa manoma, da kaka ta yi, masara da waken soya suka shiga kasuwa, yawancinmu sai tunani ya koma kan babur. Ba abin zargi ba ne. Babur ne yake kai taki gona, shi ne kuma yake kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare a hanyar da mota ba ta bi. Amma tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, darajar Naira kuma ta faɗi, kuɗin sabuwar Bajaj Boxer ya fi ƙarfin ƙaramin manomi. Sai a nemi na hannu.

To, daga ina na hannun suke fitowa? Da yawansu sun yi acaɓa a birni. An hana acaɓa a tsakiyar Abuja a 2006, a Jos da Bukuru a 2012, a Kano kuma aka hana ɗaukar fasinja a babur a 2013. Duk sa'ad da aka yi irin wannan doka, babura sukan gangaro kasuwannin karkara. Babur ɗin da ya yi shekaru yana kutsawa tsakanin motoci kuwa, da wuya a ce bai taɓa shan ƙasa ba.

Ra'ayinmu shi ne, faɗuwa kaɗai ba ta isa a ƙi babur ba. Abin tambaya shi ne inda ya bugu, da irin gyaran da aka yi masa. In tanki ne ya lotsa, ko fitila ta fashe, ko madubi da abin taka ƙafa suka karye, wannan duk sauƙi ne. Ana sayen sabo a ɗaura, har ma mai saye ya sami hujjar neman ragi. Irin wannan babur mai tabo a fili sau da yawa ya fi wanda aka yi wa sabon fenti yana ƙyalli, kyan ɗan maciji.

Inda maganar take da nauyi shi ne ƙashin babur, wato shasi, musamman wuyansa inda kan babur yake juyawa, da ƙarafunan nan biyu masu riƙe da tayar gaba. Idan babur ya yi karo gaba da gaba, a nan ƙarfin dukan yake sauka. Abin da aka saba yi shi ne a kai wa mai walda, ya gasa ƙarfen har ya yi ja, ya miƙe shi da guduma, ya shafa baƙin fenti. A ido ya miƙe. Amma ƙarfen da ya lanƙwashe aka gasa aka mayar ba ya komawa ƙarfinsa na dā, kuma sau da yawa tsagewa takan sāke fitowa a gefen waldar. Ba ta yin sallama. Ranar da aka faɗa rami da gudu, ran nan za ta buɗe.

Mu tuna kuma da irin aikin da muke sa babur. Buhun taki kilo 50 ne. Mu kan ɗaura biyu, kilo 100 ke nan, ga mai tuƙi, wani lokaci har da yaro a kan tanki, a hanyar da ruwan damina ya zaizaye. Injin Boxer ɗin nan ƙarami ne, ba a ƙera shi don ya zama jakin kaya ba, amma haka muke yi da shi, lafiyayye ma da ƙyar yake jurewa. Balle mai walda a wuya. Irin wannan ko da rabin kuɗi aka bar mana shi, shawararmu a bar shi. Kuɗin ɗori da watanni uku a kwance lokacin noma ya fi ragin da dillali zai yi.

Gane shi ba ya bukatar na'ura. A je da rana, kada a yarda da cinikin almuru. A sa hannu a shafa wuyan shasi da ƙarƙashin tanki: waldar kamfani a jere take sumul, ta bakin hanya kuwa tana da ƙulu-ƙulu, fentin wurin kuma ya fi na sauran jiki sabunta. A ɗaga gaban babur a juya kan hagu da dama. In yana sarƙewa a tsakiya, boris ya ci. Wannan ana canjawa. In kuwa ya fi juyawa gefe ɗaya, ko ɗan ƙarfen da yake tare kan ya karye, an yi karo mai ƙarfi. Sa'an nan a zuba ruwa a daɓe mai laushi, a tura babur ya ratsa a miƙe. Lafiyayye sawu ɗaya yake bari, gama tayar baya tana bin ta gaba. In aka ga sawu biyu a jere, a fara daidaita tayar baya ta wurin sarƙa a sāke gwadawa. In bai canja ba, shasi ya murɗe. Taya mai cinyewa ta gefe ɗaya ita ma shaida ce. Wili mai wayoyi bakanike yana iya daidaita shi, amma na zubi in ya tsage, sai dai sabo.

Akwai wani dalili kuma da ya sa muke tsoron walda a wuya. A yawancin babura a nan ne kamfani yake buga lambar shasi. Wanda ya saci babur, nan zai fara gogewa, ya ce haɗari ne ya ɓata wurin. Saboda haka a gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke rubuce a rasit na asali da takardun rajista, harafi da harafi. In ba su yi daidai ba, ko mai sayarwa ya ce takardu sun ɓata a haɗarin, a tashi. Wanda aka kama da kayan sata, shi 'yan sanda za su fara tsarewa, dillali kuwa ya riga ya ci la'adarsa ya bar kasuwa.

Abin da muke roƙon ƙungiyoyinmu shi ne su mai da wannan doka, tun da yawancin kuɗin nan daga asusun rance na ƙungiya yake fitowa, ko daga adashi. In babur ya karye, mai shi ya kwanta, bashin a kan kowa yake komawa. Kada ma'aji ya saki kuɗin babur na hannu sai bakaniken da mai saye ya zaɓa da kansa ya duba, ba wanda dillali ya kawo ba, ƙungiya ta biya shi ladan dubawa. Mambobi biyu su tsaya shaida. A rubuta takardar ciniki, mai sayarwa ya faɗi haɗarin da babur ya taɓa yi da wurin da aka gyara, ya sa hannu. Wannan doka ta hau kan namu mambobin ma in su ne masu sayarwa, gama mun san akan ɓoye wa ɗan'uwa aibi a ce ai bai tambaya ba. A cikin kuɗin rancen kuma a ware na hular kwano tun kafin a je kasuwa, don in an bari sai an dawo, ba za a saya ba.