Ɗalibi Ya Ci, Ƙasa Ta Faɗi: Yadda Ake Auna Ilimin Muhalli a Jami'a

A ƙarshen kowane zangon karatu, a sassan nazarin ƙasa da kimiyyar muhalli na jami'o'i da kwalejojin Najeriya da dama, ana raba wa ɗalibai takardar jarrabawa wadda suka san kamanninta tun kafin su gan ta. Bayyana ma'anar kwararowar hamada. Lissafa dalilai biyar na sare dazuzzuka. Kawo illoli huɗu na gurɓatar ruwa. Wanda ya kwana uku yana haddace takardun malami zai zazzage su, ya karɓi makinsa, bayan mako biyu kuma ya manta. Da haka kwas ɗin da aka buɗe domin nazarin yadda hannun ɗan'adam ke sauya ƙasa da ruwa da iska yake ƙarewa a gwajin ƙarfin hadda. Kuskuren babba ne, domin daga cikin waɗannan ɗalibai ake samun jami'an ma'aikatun muhalli, da masu tsara birane, da masu rubuta rahoton da ake dogara da shi kafin a gina madatsar ruwa ko masana'anta.

Ɗalibi ba wawa ba ne. Yana karanta abin da ya san za a tambaye shi. A makarantu da yawa kashi 60 ko 70 cikin ɗari na maki yana rataye ne a kan jarrabawar ƙarshe, ragowar kuma a kan gwajin cikin zango wanda sau da yawa ƙaramin kwafin babbar jarrabawar ne. Tun a 1956 masanin ilimi ɗan Amurka Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka jera matakan sani, suka ajiye tuna abin da aka karanta a mataki na ƙasa, sannan fahimta, da aiki da sani, da feɗe al'amari, har zuwa yanke hukunci. Duk wanda ya yi kwas a tsangayar ilimi ya haddace wannan jeri, abin takaici kuma shi ma ta hanyar hadda ake gwada shi a kai. A ƙarshen 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhaja mai suna CCMAS, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da abin da ya dace da yankinta. Dama ce mai kyau, sai dai manhaja ba ta sauya aji muddin takardar jarrabawa tana nan yadda take. Sai kiɗa ya sauya rawa ke sauyawa.

Lambar da kowa ya haddace

Babu misalin da ya fi tona asirin wannan tsari kamar Tafkin Chadi. Kusan duk ɗalibin muhalli zai iya rubuta cewa tafkin ya ragu da kashi 90 cikin ɗari, daga faɗin kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960. Amsar tana samun cikakken maki, amma rabin labari ce. Tafkin ba shi da zurfi, saboda haka ɗan sauyi a yawan ruwa yana jawo babban sauyi a faɗinsa. Mafi yawan ruwansa yana shigowa ne ta kogunan Chari da Logone daga kudu. Babban raguwar ta auku a farin shekarun 1970 da 1980, lokacin da tafkin ya rabu gida biyu, arewa da kudu. Binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam a shekarun baya-bayan nan ya nuna cewa tun daga shekarun 1990 tafkin bai ci gaba da ƙafewa ba, har ma ya ɗan farfaɗo, kuma ruwa mai yawa yana ɓoye a ƙarƙashin ciyayi.

A tsarin da ake kai yanzu, ɗalibin da ya yi zurfin karatu ya kawo wannan bayani yana iya rasa maki, domin amsarsa ta saɓa wa takardar da mai duba jarrabawa ke riƙe da ita. Wanda ya maimaita lambar shi ne gwani. Bambancin kuwa yana da tsada. Jami'in da ya yi imani tafkin yana mutuwa zai ga babu mafita sai a kashe maƙudan kuɗi a janyo ruwa daga yankin kogin Kwango. Wanda ya fahimci cewa tafkin yana cika yana janyewa zai fara tambayar yadda masunci da manomi da makiyayi za su riƙa bin bakin ruwa cikin aminci. Jarrabawar da ba ta iya rarrabe waɗannan ɗalibai biyu ba ta auna komai ba.

Darasin Zamfara

A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara suna mutuwa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Gubar dalma ce, kuma ta hallaka yara aƙalla 400. Tambayar da aka saba gani a kan wannan ita ce a lissafa illolin dalma ga jikin ɗan'adam, alhali ilimin da ke cikin lamarin yana cikin sarƙar da ta kai ga mutuwar. Farashin zinare ya tashi a kasuwar duniya. Mutanen ƙauye suka koma haƙar ma'adinai. Duwatsun da ke ɗauke da zinaren suna ɗauke da dalma mai yawa. Aka riƙa kawo su cikin gari ana daka su ana niƙa su, har a tsakar gida, ƙurar ta sauka a inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Da aka zo magani, sai ya bayyana cewa ba shi da amfani a wanke wa yaro jini a mayar da shi gidan da ƙasarsa ke cike da guba, dole sai an kankare ƙasar an zuba sabuwa. Garin Bagega bai samu wannan aiki ba sai a 2013. Bayan shekara biyu irin wannan annoba ta sake ɓulla a jihar Neja.

Ɗalibin da ya ƙware a wannan fanni shi ne wanda za a ba shi labarin wani ƙauye da bai taɓa ji ba, da sakamakon gwajin ƙasa da na jini, ya nuna inda sarƙar ta fi saurin tsinkewa. A hana haƙa gaba ɗaya, alhali ita ce abincin mutane? A fitar da niƙa bayan gari? A jiƙa dutse kafin a niƙa domin rage ƙura? Wane mataki zai fara, da wane kuɗi, kuma wa zai ƙi yarda? Takardar da ba ta taɓa yi masa irin wannan tambaya ba ta sallame shi ne da shaidar abin da ba ta bincika ba.

Inda babu amsa guda

Wasu matsalolin muhalli ba su da mugu da nagari. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, suka samar da ruwan sha da noman rani a ƙasar Kano. Su ne kuma suka sauya ambaliyar shekara-shekara da ke ciyar da dausayin Haɗeja da Nguru, inda ake noman shinkafa da su da kiwo. Da ruwa ya daina zuwa da tafiya a kan lokacinsa, ciyawar kachala ta mamaye hanyoyinsa, ta toshe wasu, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki. Manomin Kura ya samu, masuncin Nguru ya rasa. A ɗaya ɓangaren, manoman Maraɗi da Damagaram a Jamhuriyar Nijar sun dawo da bishiyoyi a kan miliyoyin hekta ta hanyar sassaben zamani, wato kula da tohon kututture maimakon tumɓuke shi. Hannun ɗan'adam yana ɓatawa, yana kuma gyarawa. Abin da ya kamata a gwada shi ne iya ɗora riba da asara a kan sikeli ɗaya, da faɗin wanda zai ɗauki kowacce. Wannan ba ya shiga cikin zaɓi tsakanin A da B da C.

Uzurin da ake kawowa

Masu kare tsohon tsari suna da hujjoji, kuma ba dukansu ne na banza ba. Aji ɗaya yana iya ɗaukar ɗaruruwan ɗalibai, malami ɗaya ne. Babu kuɗin mota, wasu hanyoyin kuma babu tsaro. Aikin gida ana kwafarsa, yanzu ma ChatGPT yana rubuta shi cikin minti ɗaya. Tambayar hadda tana da sauƙin dubawa, kuma tana kare malami daga zargin son kai.

Amma a duba su ɗaya bayan ɗaya. Yawan ɗalibai bai hana a sauya irin tambayar da ke kan takarda ba. A cikin zauren jarrabawar da aka saba, cikin awa biyun da aka saba, ana iya ba ɗalibi jadawalin ruwan sama na shekara talatin, ko hotuna biyu na gari ɗaya da aka ɗauka daga sama a shekaru daban-daban, a ce ya faɗi abin da suka nuna da abin da ba za su iya nunawa ba. Fita fili kuma ba sai an je daji ba. Kowace makaranta tana da juji, da kwata, da rijiyar burtsatse, da janareta, da kwazazzabon da ke cin bayan ɗakin kwana. Ɗalibin Kano yana da kogin Jakara da ruwan da ke fitowa daga kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa. Na Maiduguri ya ga abin da fashewar madatsar Alau ta yi wa birninsa a Satumbar 2024. Game da kwafi da na'ura, maganinsu tsoho ne: a zaunar da rukunin ɗalibai na minti goma, a tambayi kowa dalilin abin da ya rubuta. Wanda bai auna ruwan da hannunsa ba, tambaya ta biyu za ta fallasa shi. Zargin son kai kuma ana kashe shi ne da ma'aunin maki da aka rubuta aka raba wa ɗalibai tun farkon zango, tare da malami na biyu da zai sake duba wasu takardun.

Gaskiya ne wannan ya fi cin lokaci, kuma bai dace a jibga shi a kan malamin da aka riga aka ɗora wa kaya fiye da ƙarfinsa ba. Nauyin yana kan majalisun jami'o'i da shugabannin sassa, su ware mataimaka da lokacin dubawa, su kuma umarci masu tantance tambayoyi su mayar da duk takardar da babu komai cikinta sai lissafa da bayyana ma'ana. Yana kuma kan tawagogin NUC masu zuwa tantance kwasa-kwasai, su karanta tambayoyin da aka yi a shekarun baya da irin kulawar da suke ba ƙidayar kujeru da littattafan laburare.

Najeriya ta kafa dokar tantance tasirin manyan ayyuka ga muhalli a 1992, shekara huɗu bayan an jibge sharar guba daga Italiya a garin Koko. Doka ce da ta dogara kacokan a kan mutum: wanda zai je wurin, ya auna, ya rubuta, da wanda zai karanta rahoton ya gane ko an kwafo shi ne daga wani aiki. Waɗannan mutane suna zaune yau a zauren jarrabawa suna lissafa dalilai biyar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da aka ajiye wa ɗayansu rahoton madatsa ko na ma'adinai domin ya sa hannu, mutanen da ke ƙasan kogi ne za su karɓi sakamakon jarrabawar da aka yi masa.